Wai talaka da mai kuɗi ciwo ɗaya ke kashe su kuwa?

Ummu_Sadiq ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, ta daɗe tana cina a rai kuma na rasa wanda zan yi wa ba tare da an ce ina ja da ikon Allah ba. Mahaifinmu ya rasu bara yana da shekara 54, shanyewar ɓarin jiki ce, da safe yana shirin fita aiki kawai ya yanke jiki ya faɗi, kwana huɗu ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana cinsa. Kuma mun san yana da shi fa, an taɓa auna shi an gaya masa, ya sha magani na 'yan watanni ya bari, don wani watan a samu wani watan babu, ga mu mu bakwai a wuyansa. To abin da ya tsaya min shi ne mutumin da Baba ya yi wa aiki shekara da shekaru, ya girme shi da kusan shekara goma, shi ma hawan jinin gare shi har da suga, amma yana nan garau yana harkokinsa. Wallahi ba baƙin ciki nake masa ba, mutumin kirki ne, Allah ya ƙara masa lafiya.

Tun ina yarinya nake jin ana cewa hawan jini da suga da ciwon zuciya ciwon masu kuɗi ne, shi talaka nasa zazzaɓi da gudawa da tari. To ya aka yi ciwon masu kuɗin ya ɗauke talakan ya bar mai kuɗin? Akwai waɗanda suka taɓa zama suka ƙirga abin nan kuwa? Kuma in har akwai bambanci, a kowane irin ciwo ne ko wasu ne kawai? Masu ilimin abin ku taimaka min.

Dattijo_Nagari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa can ta fi masa nan. 'Yata ki yi haƙuri ki daina wannan lissafin, mutuwa rigar kowa ce, in ajali ya yi kira ko babu ciwo sai an tafi. Sarakuna nawa da attajirai nawa suka mutu da ƙuruciyarsu likitoci zagaye da su? Ki yi ta yi masa addu'a, ita ce za ta amfane shi.

Abu_Hafsa ya rubuta:

Baba Dattijo maganarka gaskiya ce, babu mai ƙara minti ɗaya a kan ajalinsa. Amma tambayar 'yar'uwar nan ba ja da ƙaddara ba ce, a kan sababi take tambaya. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can, ai juyawa ya yi da mutanensa, da Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi, sai ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Don haka a bar masu sani su ba ta amsa.

Dr_Tsakar_Gida ya rubuta:

'Yar'uwa Allah ya gafarta wa Baba. Ni fannin lafiyar al'umma na karanta, kuma wannan tambayar taki ita ce kusan rabin karatun namu, don haka ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

E an ƙirga, an daɗe ma ana ƙirgawa. Tun shekarun 1820 wani likita a Faransa mai suna Villermé ya ɗauki unguwannin birnin Faris ɗaya bayan ɗaya yana duba inda aka fi mutuwa, ya gwada da tsayin ƙasa da kusanci da kogi da iska da cunkoso, babu wanda ya dace da lissafin sosai sai abu guda, wato yawan talakawan unguwa. Amma binciken da ni ya fi girgiza ni shi ne na Whitehall a Landan, an fara shi a 1967 da ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 aka yi ta bin su shekaru. Ki lura fa, duk ma'aikata ne masu albashi, babu mai kwana da yunwa a cikinsu, kuma tun 1948 asibiti kyauta ne ga kowa a ƙasar. Duk da haka a cikin shekara 10 'yan matakin ƙasa, masinjoji da masu gadin ƙofa, mutuwarsu ta kai kusan ninki uku na manyan da ke saman ofis. Kuma da me suke mutuwa? Har da ciwon zuciyar nan da su ma Turawan a lokacin suke ɗauka ciwon manyan ma'aikata ne masu yawan tunani. Wani abin kuma, ba gida biyu abin ya rabu ba, talaka nan mai kuɗi can, kamar tsani yake, akawu ya fi masinja tsawon rai, na saman akawu ya fi akawu, shi ma na samansa ya fi shi, haka har ƙoli. A Amurka ma wani bincike da ya fito a 2016 ya haɗa takardun haraji da na mutuwa, aka ga tsakanin kashi 1 cikin 100 mafi kuɗi da kashi 1 mafi talauci akwai tazarar shekara 14.6 a maza, 10.1 a mata.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarki, wanda shi ne mai muhimmancin. A'a, tazarar ba ɗaya ba ce a kowane ciwo. Inda ta fi faɗi shi ne a cututtukan da aka riga aka san yadda ake kauce musu ko yadda ake maganinsu, tarin fuka, gudawar yara, ciwon huhu, mutuwa wurin haihuwa, sankarar bakin mahaifa, shanyewar ɓarin jiki, haɗarin hanya da na wurin aiki. Inda kuma likitoci su kansu ba su san yadda za a hana ba kuma maganin bai cika ci ba, kamar wasu nau'o'in sankarar ƙwaƙwalwa, sai ki ga tazarar ta tsuke sosai, mai kuɗi da talaka kusan tare suke tafiya don kuɗin ba shi da abin da zai saya. Wasu masana biyu a Amurka, Link da Phelan, su suka fito da bayanin a 1995, cewa kuɗi da ilimi da sanin mutane da faɗa-a-ji kayan aiki ne da ake juya su a kan kowane ciwo ya zo, duk ranar da aka gano makarin wani ciwo waɗanda ke da kayan nan su ke fara kaiwa gare shi, sai tazara ta buɗe a inda a da babu ita.

To hawan jini yana cikin rukunin farko tsundum. Na'urar auna shi ko'ina akwai, magungunansa tsofaffi ne an san su shekaru da yawa, amma ba a shan su na sati biyu a gama, kullum ne har ƙarshen rayuwa ga mafi yawan mutane, kuma ga shi ba ya ciwo balle ya tuna wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ke da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma wajen mutum 1 cikin 5 ne kawai nasa yake daidai a ƙarƙashin kulawa. Baba da maigidan nasa suna ɗaya ciwonsu yake da shi, amma ɗaya yana da hawan jini da ake dannewa kullum ɗayan kuma nasa a sake yake.

Sani_Kai_Tsaye ya rubuta:

Dokta ban ƙi taka ba amma ni inaga ana yawan ɗora wa talauci laifin da ba nasa ba. Wa ya tilasta wa talaka shan sigari? wa yace ya hau babur ba hular kwano? zaka ga mutum yana da kuɗin wasu abubuwan da basu da amfani amma kace yaje a auna jininsa sai yace lafiyarsa ƙalau. Sannan kuma baku tunanin abin a juye yake, wato ciwon ne yake talauta mutum ba talaucin ne yake kawo ciwon ba? mutum in ya kwanta ciwon ƙoda ana masa wankin ƙoda ai ko mai kuɗi ne sai ya sayar da abinda ya mallaka, in ya mutu sai ku rubuta shi a layin talakawa. Ummu Sadiq kiyi haƙuri ba da Baba nake ba, shi kin faɗi dalilinsa.

Dr_Tsakar_Gida ya rubuta:

Malam Sani maganarka ta biyu tana da ƙarfi kuma masu binciken sun san da ita, ciwo yana karya mutum ya zubar da shi ƙasa, babu musu. Shi ya sa ake yawan aunawa da matakin karatu maimakon kuɗin aljihu, don mutum ya gama makaranta tun yana saurayi, ciwon zuciyar da zai same shi yana da shekara 60 ba zai koma baya ya rage masa aji ba. Kuma da aka auna da karatun tazarar tana nan daram. Haka jariri ɗan wata shida da gudawa ta kashe, ba shi ya talauta iyayensa ba.

Batun sigari kuwa bari in ba ka tarihinta don shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. A farkon ƙarni na 20 a Turai da Amurka kowa sha yake, manya da ƙanana, likitoci ma suna sha. A 1950 wasu masana biyu, Doll da Hill, a Ingila suka nuna alaƙarta da sankarar huhu, daga baya suka bi dubban likitocin ƙasar suna lissafa masu mutuwa, a 1964 kuma gwamnatin Amurka ta fitar da nata rahoton. Su wa suka fara yar da karan? Likitocin da masu karatu. Da shekaru suka ja sai sankarar huhu ta tattara ta koma ciwon leburori da 'yan ƙwadago, kamfanonin kuma suka bi kasuwa inda take, yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na masu shan taba a duniya a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Zaɓi ne e, amma in ka ga miliyoyin mutane a ƙasashe daban-daban duk suna yin zaɓi iri ɗaya gwargwadon aljihunsu to akwai abin da ke tura su. Kuma a Whitehall ɗin nan an cire lissafin sigari da hawan jini da kitsen jini da ƙiba, abin da suka bayyana na tazarar ciwon zuciya bai kai rabi ba. Sauran fa? Michael Marmot da ya jagoranci zagaye na biyu daga 1985, wanda aka sa mata a ciki, ya fi karkata ga cewa rashin iko da aikinka da rayuwarka, a ba ka umarni kullum ba ka da ta cewa, ga fargabar gobe, yana cin jiki a hankali. Ana ta muhawara a kan girman wannan ɓangaren har yau, amma cewa sigari kaɗai ba ta cike gurbin ba, wannan kam a rubuce yake.

Sister_Rabi ta rubuta:

Ummu Sadiq sannu da haƙuri ƙanwata. Ni ungozoma ce shekara 19 ina karɓar haihuwa, bari in faɗi na ɓangaren mata don Dokta ya taɓo shi ya wuce.

Babu inda bambancin nan ya kai wurin haihuwa muni. A 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a duniya saboda ciki da haihuwa, sama da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi. Kuma me ke kashe su, zubar jini, jijjiga, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, naƙuda mai tsawo. Duk muna da maganinsu wallahi, allurar da ke tsuke mahaifa ta tsayar da jini akwai, ta jijjiga akwai, ƙarin jini akwai, tiyata akwai. Matsalar lokaci ce, mace mai zubar jini sosai cikin awa biyu za ta iya tafiya. Mu a aiki jinkiri uku aka koya mana, jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin a duba ta bayan ta iso, kuma kowane ɗaya a cikin ukun in kika tona za ki tarar da kuɗi a ƙarƙashinsa, ana jira a ga ko za ta haihu da kanta don ana tsoron abin da za a kashe, babu mota cikin dare, an iso kuma ana neman wanda zai ba da jini. Na taɓa rasa wata da ta iso hannuna jikinta ya riga ya yi sanyi, tun la'asar take zubar jini ba a kawo ta ba sai bayan tsakar dare, mijin yana tsaye yana kuka yana cewa rance ya tsaya nema. Har yau ina ganin fuskarta. Kuma kar a ce sai ƙasashe matalauta, a Birtaniya ma rahotanninsu na nuna matan unguwannin da suka fi talauci haɗarinsu ya kai kusan ninki biyu na matan unguwannin masu hali.

Sai abin da zai ba ki mamaki, tunda kin tambaya ko kowane ciwo ne. Sankarar mama a ƙasashe da yawa ta fi kama mata masu ilimi da hali, ana danganta shi da jinkirta haihuwar fari da ƙarancin haihuwa da gajeren shayarwa, sannan su ne ke zuwa gwaji a gano. Amma in ta kama mata biyu, talakar ce ta fi mutuwa, don ita sai ƙullutun ya girma ko ya fashe take zuwa. Sankarar bakin mahaifa kuma ta talakawa ce gaba da baya, kamuwa da mutuwa duka, a 2022 ta kashe mata kusan 350,000, kashi 94 cikin 100 a ƙasashe matalauta da matsakaita, alhali gwajinta ya fi shekara 70 da fitowa, rigakafin ƙwayar HPV da ke kawo ta kuma tun 2006 ake yinsa. To kin ga kamuwa daban mutuwa daban, mutane suna haɗa su shi ya sa ake cewa ciwon masu kuɗi. Mai kuɗin ne ake ganinsa da ciwon shekara 20 yana yawo da maganinsa kowa ya sani, talakan kuwa ba a taɓa sa wa nasa suna ba, sai dai a ce ya faɗi ne kawai, ko gajeriyar rashin lafiya.

Garba_Birkila ya rubuta:

Ni ba mai dogon karatu bane aikin gini nakeyi, amma Malam Sani maganar hular kwano da kayi ta taɓani. Kasan wanda ke cikin mota da bel da ƙarfe zagaye dashi da wanda ke tafe a ƙafa a gefen titi ba haɗari ɗaya suke ɗauka ba ko da mota ɗaya ce ta kwaɓe. Naji ance mutum sama da miliyan 1 ke mutuwa a hanya duk shekara a duniya kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Mu kuma a wurin aiki waye ke hawa bene hawa huɗu akan katako, waye ke shaƙar ƙurar siminti da ta dutse tun safe har yamma, ai ba mai ginin bane. Abokin aikina ya faɗo a gabana ko igiya babu a jikinsa, ba don baisan amfaninta ba, ba'a bamu bane, kuma in kace bazaka hau ba akwai mutum goma a bakin get suna jiran aikin.

Dr_Tsakar_Gida ya rubuta:

Malam Garba lissafinka daidai ne, miliyan 1.19 hukumar lafiya ta ce. Ƙurar dutsen da ka ambata ma tana da ciwonta na musamman, tana taurara huhu ba ya komawa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, don Allah ko tsumma ne bai isa ba, ku nemi takunkumin da aka yi don ƙura, a riƙa jiƙa dutsen in ana yanka. Shi tarin fukan ma kansa, a Ingila mutuwa da shi ta ragu ƙwarai tun kafin a samo maganinsa a shekarun 1940, lokacin da abinci da ɗakunan kwana suka gyaru, ga shi yau da maganin a hannu ya kashe mutum kusan miliyan 1.25 a duniya a 2023.

Sani_Kai_Tsaye ya rubuta:

Na karɓi batun sigarin da na Garba. Amma har yanzu ina nan akan cewa wanda aka gayawa yana da hawan jini kuma yana da halin sayen magani ya ƙi sha, wannan kam nasa ne, kuma suna da yawa.

Ummu_Sadiq ta rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta na Dokta da na Anti Rabi har sau uku, inda ta ce ba a taɓa sa wa ciwon talaka suna ba sai da na yi hawaye, don kakanmu ma haka aka ce, ya faɗi ne kawai. Jiya na matsa wa Yayanmu babba muka je aka auna shi, shekararsa 33, aka samu 158 a kan 98, shi kuma yana ta cewa gajiya ce don bai yi barci ba. Anti Rabi wannan ya riga ya zama hawan jinin ke nan ko sai an sake?

Sister_Rabi ta rubuta:

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci ƙanwata, amma lambar ta haura 140 a kan 90 kuma ga tarihin Baba da kakanku, don haka kar a bar shi ya share. A sake auna shi a wata rana daban, ya zauna ya huta minti biyar tukuna, bayansa a jingine hannunsa a ajiye daidai ƙirji, kar ya sha kofi ko taba kafin nan, a rubuta lambobin a takarda ya kai wa likita. In aka ɗora shi a kan magani ya faɗa wa likitan ƙarfin aljihunsa ƙarara ba kunya, akwai tsofaffin magunguna masu sauƙi da suke aiki sosai, gara wanda zai iya saye kowane wata da mai tsadar da zai sha ya bari. Ya rage gishiri. Ku sauran shidan ma duk wanda ya kai shekara 18 a auna shi, ke ma har da ke, musamman in kina da ciki ko kina shirin ɗauka.